Makullin Turaka: inda aikin ya kwana

Lahadi, 3 Nuwamba 2024

Wuta ta dawo bayan kwanakin duhun nan da Arewa ta sha a ƙarshen Oktoba. Na caja waya na buɗe abin da na tara na littafin labarin da nake rubutawa, sai na tarar babi uku ne kacal, na ukun ma da ƙafa ɗaya yake tsaye. A kwanakin duhun littafin rubutu na 'yan makaranta na koma wa, ina yi da fitilar caji har ta mutu. Abin haushi, shafukan da na rubuta ina lalube sun fi na cikin wayar rai. Daga yau zan riƙa ajiye lissafin aikin nan, don na san halina, in ban rubuta inda na tsaya ba sai in share wata guda ina cewa gobe.

Ga abin da ke hannu. Sunan wucin gadi Makullin Turaka. Gidan wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi a cikin birnin Katsina, irin tsofaffin gidajen ƙasar nan da aka yi wa kwaskwarimar siminti, zaure biyu kafin a isa tsakar gida, in aka hau soro ana hango Hasumiyar Gobarau. Mata biyu, 'ya'ya bakwai. Alhaji ya cika da asubahin wata Juma'a. 'Yarsa Hadiza ce ta kwana jinyarsa, ita ce kuma ke ba mu labarin da bakinta. Da aka dawo daga maƙabarta aka nemi makullin turakarsa sama ko ƙasa. Ranar sadakar uku aka tsince shi a cikin jakarta, ita kuwa ta rantse ko taɓa shi ba ta yi ba.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: babu aljani, babu bokan da aikinsa ke ci, babu layar da za a tono a gindin murhu komai ya warware. Mutanen gidan za su yi ta zancen sammu da iska, don haka muke, amma mai karatu ba zai ga ko ɗaya ba. Duk abin firgicin da zai faru a gidan nan, aikin wanda ake sa hannu kwano ɗaya da shi ne.

Alhamis, 14 Nuwamba

Babi na 5 ya kammala. Na tura wa ƙawata da muke koyarwa a makaranta ɗaya, ita ke karanta mini ɗanyen rubutu, kuma ba ta iya lallashi ba. Ko awa ba a yi ba ta kira. "Amaryar ce ko? Ko babban ɗanta?" Na ce me ta gani. Ta ce, "To wa kuma? Gida mai mata biyu."

Na ji zafi, don ta harbo daidai, babban ɗan amaryar na shirya rataya wa laifin. Na kwana ina juya abin. Mun saba, a littafi da fim da hirar gidan biki, in dai gida ya hargitse to kishiya ce ko 'ya'yanta. Har suna muka raɗa wa abin, 'yan ubanci, yaron da bai gama firamare ba ya san ma'anarsa. To wanda kuka fito ciki ɗaya, kuka sha nono ɗaya, in ya tsane ka, me ake kiran wannan? Ni da malamin Hausa na makarantarmu mun ƙare lokacin tara muna nema, iyakar abin da muka samo shi ne "ba sa ga maciji", wanda ko maƙwabta ana faɗa wa. Alhali duk wanda ya taɓa zama inda ake rabon gado ya san abin yana nan, ya ma fi na 'yan uba ciwo tunda ba a yarda a furta shi. Kai ƙarar ɗan ubanka, dangi za su gyara zama su saurare ka. Kai ƙarar shaƙiƙinka, kafin ka rufe baki an ce maka hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na sauya. Yaya Lawal ne, wan Hadiza uwa ɗaya uba ɗaya. Amarya da 'ya'yanta za su sha zargin mai karatu har tsakiyar littafi, ba su ci nanin ba nanin ta ci su.

Lahadi, 1 Disamba

Maigida ya raka ni wurin wani malami a unguwarmu wanda ake ɗauka rabon gado. Na durƙusa daga bakin zaure na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya ce ta littafi, ba gidanmu ba ne." Ya yi murmushin wanda ya sha jin haka.

Dukiyar Alhaji na ƙiyasta ta naira miliyan 80, galibinta filaye ne da ya saya a bayan Ƙofar Kaura tun ana kiran wurin daji, kafin a yi jihar Katsina a 1987 ƙasa ta yi daraja. Malam ya ce kafin a taɓa komai sai an fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan wasiyya in akwai, ita ma ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Mu ɗauka 80 ɗin bayan an yi duk wannan ne. Iyayen Alhaji sun riga shi. Matan biyu su raba tumuni, miliyan 10, kowacce 5. Ragowar 70 a kasa ta goma, tunda maza uku ne mata huɗu, namiji yana da rabon mace biyu: kowane namiji 14, kowace mace 7. Ɗakin Inna, uwargida, mai namiji ɗaya da mata biyu, ya tashi da 33. Ɗakin amarya 47. Matar da aka tara dukiyar da ita tun ana auna gero da tiya ita ce ɗakinta ya zo na biyu. Lawal ya yi wannan lissafin tun uban yana tafiya da ƙafarsa.

Abu biyu na samo waɗanda ban je nema ba. Na farko, kyauta. In uba ya ce ya ba ɗansa shago, amma ɗan bai karɓa ya riƙe ba har uban ya kwanta ciwon ajali, a mazhabar Malikiyya kyautar ta faɗi, shago ya koma cikin gado. Nan take na san akwai wata takarda a turakar nan da Lawal ke buƙatar ta fito, ko kuma ta ɓace. Na biyu, wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa. Wanda ya kashe bisa kuskure yana gadon dukiyar amma ba ya cin diyya. Da na ƙara tambaya a kan shaidar wanda hankalinsa ya taɓu, da wanda ke riƙe masa rabonsa, sai Malam ya ajiye carbi ya dube ni ya ce, "Malama, wai wane irin littafi ne wannan?"

A Napep muna dawowa ƙullin labarin ya zauna mini daram. Lawal ba ya buƙatar ya ɗaga wa Hadiza ko yatsa. Ya ishe shi dangi su fara cewa, a hankali, cikin tausayi, "Hadiza dai tun rasuwar Alhaji sai addu'a."

Lahadi, 22 Disamba

An yi hutu. Babi 9, kalmomi sun haura dubu 20.

Labarin yana tafiya amma tafiyar hawainiya, babu abin da ke kora kowa. Sai na tuna canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa za a sauya takardun 200 da 500 da 1000, aka sa 31 ga Janairun 2023 ta zama ranar ƙarshe ta tsofaffi. Kowa a garin nan yana tuna layin banki tun kafin asuba, da yadda masu POS suka koma sayar mana da kuɗinmu. Alhaji irin mutanen nan ne da ba su taɓa sakin jiki da banki ba, kowa a gidan ya san akwai buhu a turaka, ba wanda ya san nawa. Sai na sa rasuwarsa Juma'a 20 ga Janairu. Kwana 11 ke nan tsakanin likkafani da ranar da abin da ke cikin buhun zai koma takarda. Mata suna takaba, ana karɓar gaisuwa a zaure, kowa idonsa jawur, kowa kuma yana ƙirga kwanaki a zuci. Ana saura kwana biyu aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu, wannan ma ya yi mini amfani: wanda ya yi gaggawar aikata abu saboda 31 ga wata zai gane da ya jira.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Ko layi ɗaya. Hazo ya rufe gari, auta na fama da tari, ni kuma yatsuna sun ƙi waya.

Lahadi, 26 Janairu

Na sake karanta duk inda Lawal ya fito, na ga gunki na sassaƙa. Mugu ne kawai saboda ina buƙatar mugu. Mutum ba ya wayar gari ya ce bari in haukata ƙanwata a kan miliyan 7.

Abin da ya ba ni shi kunyar ɗan fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "yaron nan". Da aka yaye shi aka kai shi Daura wurin kakarsa ta wajen uwa, bai dawo ba sai yana ɗan shekara 12, ya tarar gida ya cika ba da shi ba. Ya tarar da Hadiza, wadda ta ci sunan mahaifiyar Alhaji, don haka Alhaji ba ya kiranta sai "Uwata", ita ke shiga turaka ba sallama, ita ake ajiye wa ragowar nama. Ba wanda ya zalunci Lawal. Inna tana sonsa, watakila fiye da sauran, al'ada ce ta ɗaure mata baki, kuma kowa ya yaba mata a kan kawaicin. Na rubuta wani wuri da yake kwance da zazzaɓi yana jin ta a bayan labule tana tambayar Hadiza, "Ya ci abinci?" Taku uku ne tsakaninsu ba ta shigo ba. Da na gama sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Ban ce riƙo ko alkunya ke haifar da mugunta ba, 'yan fari nawa aka yi wa haka suka tashi su ne bangon gidansu. Wannan yaron dai, a wannan gidan, haka ya fassara shirun.

Wata ƙaramar shawara da na yanke: Inna da tsofaffin gidan za su yi magana da Katsinanci, "tahi", "hwaɗa mashi", "ɗiyata". 'Ya'yan kuwa daidaitacciyar Hausa da ɗan sirkin boko. Ƙawata ta ce masu karatu na Kano za su yi tsaki. Su yi.

Asabar, 15 Fabrairu

Matar ƙanin maigida ma'aikaciyar jinya ce, yau na tsare ta da tambayoyi tana tsinke zogale. Alhaji mai ciwon suga ne, ana yi masa allurar insulin. Ta bayyana mini yadda sugan jini ke faɗuwa in an yi allura mutum bai ci abinci ba: zufa, rawar jiki, ruɗewa, daga nan suma, kuma a tsoho mai barci ana iya ɗauka barcin ne ya yi nauyi. Ta ce kada in kuskura in rubuta adadi, labari nake ba darasi ba. Na yarda.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne zancen barci. Ta ce mai jinyar da ya jera darare ba ya runtsawa yakan yi abu ya manta ya yi, yakan ji kamar an kira sunansa ba kowa. Hadiza ta yi mako uku a haka kafin rasuwar. Ƙasa ta riga ta jiƙa, Lawal shuka kawai zai yi. Ba zai taɓa cewa "ke kika kashe shi" ba. Zai zauna kusa da ita ne da daddare, da murya mai sanyi, ya ce, "Uwata, allurar nan sau ɗaya kika yi ko? A'a, ba komai, na ga kamar kin tashi sau biyu ne. Kwanta ki huta." Sunan da uban ke kiranta da shi ya ɗauka. Washegari carbin Alhaji ya bayyana a ƙarƙashin matashinta. Jibi ta ce ta kulle ƙofa a tarar da ita a buɗe. Shi ne kuma na farkon kare ta a gaban mutane, shi ya kawo mai ruƙiyya, shi ya biya.

Babi 14. Wannan makon rubutun ya zubo kamar an ɓalle famfo, har na fara jin tsoron yadda muryar Lawal ke zo mini da sauƙi.

Lahadi, 16 Maris

Azumi 16. Tsakanin makaranta da kicin da tarawihi babu sarari. Bayan sahur nake ɗan gyara tsofaffin babuka. Na cire wani dogon wa'azi da na cusa a bakin kawunsu a babi na 8. Ni ce ke magana ba shi ba.

Asabar, 5 Afrilu

Na dawo daga Daura jiya. Na je yi wa Yayata barka da Sallah, da niyyar in ga unguwannin da Lawal zai tashi a ciki, in leƙa wajen rijiyar Kusugu in ji irin surutun yaran wurin. Duk na yi. Amma ba shi na dawo da shi ba.

Da daddare muna shan iska a tsakar gida, zafi ya hana shiga ɗaki, ta tambaye ni labarin me nake rubutawa. Na ba ta a taƙaice. Sai na ce, cikin wasa, ai ita ta fara koya mini mugun wa, ranar da ta kulle ƙaninmu a ɗakin ajiya. Ina da shekara bakwai lokacin, shi huɗu. Tun la'asar aka neme shi, aka zagaye unguwa, har rijiya aka leƙa da fitila, sai bayan isha aka ji kukansa a bayan buhunan gero. Yaya ta sha dukan da har yau ina jin ƙararsa.

Ta ajiye mafici ta ce, "Ke fa kika kulle shi."

Na yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce ya fasa mini 'yar tukunyar wasa ne, na ja shi ciki na tura sakata, na tafi gidan maƙwabta na manta. Da aka gano shi Baba ya tambaya, na yi tsit ina rawar jiki, ita kuma ta ce ita ce, don ta san ba zan iya ɗaukar dukan ba. Na ce Yaya, wallahi ina ganin hannunki a kan sakatar nan kamar yanzu, da jan lalle. Ta ce satin bikin ƙanwar Baba ne, mu duka an ƙunsa mana.

Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da hoton nan. Na sha ba da labarin a gaban mutane, tana zaune, ba ta taɓa tanka mini ba. Na san a karatu cewa tunawa ba ajiya ba ce da ake ɗaukowa yadda aka sa ta, duk lokacin da mutum ya tuno abu sake gina shi yake yi, kuma tsabtar hoton a ido ba ta nuna gaskiyarsa. Sanin wannan a takarda daban, a ce maka hannun da kake gani naka ne daban. A mota, tun daga Daura har muka wuce Mashi, ina ta kallon hannuna.

Wani abin kuma da ya fi wannan damuna: ta yiwu ita ce ta yi kuskuren. Ta faɗa da tabbaci, ni ma da tabbaci nake faɗa.

Talata, 8 Afrilu

Na je gida na tambayi Hajiyarmu. Ta ce, "Wannan tsohon zance me ya tono shi? Yaro ai ya fito lafiya." Na matsa, ta ce in miƙo mata goro. Na kira ƙanin namu, ya ce shi abin da ya sani kawai har yau ba ya son warin daddawa a rufaffen ɗaki.

Lahadi, 4 Mayu

Kusan wata guda ban rubuta a nan ba, don rushe gini nake yi. Na zubar da kalmomi wajen dubu 11.

Matsalar ita ce na yarda da Hadiza fiye da kima. Duk abin da ta ce ta gani, haka ya faru. Mai karatu yana zaune lafiya a bayanta yana jiran ranar da asirin Lawal zai tonu. Wannan ba firgici ba ne, jiran hukunci ne. Yanzu na koma tun babi na 2 ina saka ƙananan tsaga. Ta ce agogon turaka ya tsaya ƙarfe uku, can gaba ta ce huɗu. Ta ba da labarin ranar da Lawal ya dawo daga Daura ta tarbe shi da murna, sai ƙanwarsu Bilki ta ce a'a, ranar ce kika zubar masa da fura kika ce ba gidansu ba ne. Makullin da aka samu a jakarta Lawal ne ya saka, wannan na tabbatar wa mai karatu a babi na 17. Carbin ma shi ne. Amma allura ta biyu, ko an yi ta, ko wa ya yi, na janye hannuna daga kai. Lawal yana ƙarya a kan abubuwa da yawa, sai dai ta yiwu a kan wannan ɗayan abin da ya gani yake faɗa, ta yiwu ma ya ɗauka rufa mata asiri yake yi, da irin hanyarsa ta wanda ba a taɓa koya wa taushi ba.

Ƙawata ta karanta sabon zubin ta ce na cuce ta, ta kwana ba ta san wa za ta tsana ba. Ta kuma ce masu karatu ba za su yafe mini ba in ban faɗi wanda ya yi ba, mutanenmu suna son a ƙare da mugu a hannun hukuma ko a kan gadon asibiti yana neman gafara. Tana da hujja, ni ma na sha jefar da littafi saboda marubuci ya gudu ya bar ni a tsakiyar hanya. Ban yanke ba tukuna. Abin da na sani, Inna ta san amsar. Tana bayan labule a daren, kamar kullum.

Lahadi, 25 Mayu

Babi 21, kalmomi kusan dubu 58. Saura huɗu: buɗe turaka a gaban shaidu, zaman rabo a zaure, tafiyar Hadiza Daura wurin tsohuwar da ta riƙi Lawal, sai na ƙarshe, wanda Inna za ta kira sunan ɗanta karo na farko. Na rubuta layin da za ta faɗa sau shida, duk na goge. Sai na koma wurin Malam kafin in taɓa babin rabo, ina so in ji wa ke fara magana a irin zaman, da inda mata ke zama, da yadda ake yi da gidan da ba ya rabuwa in wasu sun ce a sayar wasu sun ƙi.

Yaya ta kira ɗazu. Ba mu sake tayar da zancen ba tun Afrilu, gaisuwa kawai da labarin yara. Da za mu yi sallama ta ce in turo mata littafin ta gani, tun daga farko. Na ce bai ƙare ba. Ta ce ta sani, in turo hakanan. Na tura mata babi goma na farko, alama ta nuna ta buɗe tun ƙarfe tara.